YouGlish: Inda Za Ka Ji Yadda Masu Turanci Ke Cewa "Da Ni Ne Kai"

Mutumin Ingila idan ya ga za ka yi abin da bai dace ba, da wuya ya ce maka kada ka yi. Sai ya ɗan karkata kai ya ce "I wouldn't", ya yi shiru. Kalma biyu ke nan, kuma abin da suke nufi shi ne "da ni ne, da ban yi ba". Bai umarce ka ba, bai ma ambace ka ba. Ya ɗora maganar a kan kansa, a kan abin da bai faru ba, amma saƙon ya iso: ka bari. Ra'ayi da shawara da gargaɗi da suka, yawancinsu ta wannan hanyar suke bi a hirar masu Turanci, ta bakin "would" da 'yan uwanta "could" da "should" da "might". Wanda ya koyi Turanci a aji ya san waɗannan kalmomi a rubuce, ya ci jarabawa a kansu, amma sau da yawa ba ya jin su idan an furta, domin masu harshen haɗiye su suke yi. Wannan giɓin ne shafin YouGlish yake cikewa, kuma a kan wannan aikin za a auna shi a nan.

Shafin yana youglish.com. Ana buɗe shi a burauzar waya ko ta kwamfuta, ba sai an sauke manhaja ba, kuma ana fara aiki da shi ba tare da biyan ko kwabo ba. Tallace-tallace ne dai za su riƙa leƙowa. Aikinsa guda ɗaya ne. Ka rubuta kalma ko guntuwar magana a akwatin bincike, shi kuma ya shiga rubutun da ke tafiya da bidiyoyin YouTube ya zaƙulo inda wani ya furta ta, ya kunna maka bidiyon daga daidai wurin, ba daga farko ba. A ƙasan hoton jimlar tana fitowa a rubuce, an haska abin da ka nema. Akwai maɓallin maimaitawa, da na komawa baya kaɗan, da na tsallakawa zuwa mutum na gaba, da wurin rage saurin magana. Ana kuma nuna maka adadin misalan da aka samu da wanda kake kai. Kana iya barin binciken a buɗe ga kowane lafazi, ko ka taƙaita shi ga lafazi ɗaya, kamar na Amurka, ko Birtaniya, ko Ostareliya. Manyan kayan aikin ke nan. Ba malami, ba jarabawa.

Dalilin da ya sa wannan ɗan abu yake da amfani ga Bahaushe yana cikin Hausar kanta. Mu da "da" biyu muke gama zancen abin da bai faru ba: da ina da kuɗi, da na sayi motar. Wannan jimla tana iya nufin yau, tana iya nufin bara, kuma mai sauraro daga yanayin hirar yake gane wanne ake nufi. Turanci ya raba su gida biyu, kuma tilas mai magana ya zaɓi ɗaya. Idan yau ake nufi, "If I had the money, I'd buy it", wato har yanzu motar tana nan, kuɗin ne babu. Idan an riga an yi an gama, "If I'd had the money, I'd have bought it", wato dama ta wuce. A takarda bambancin a fili yake. A baki kuwa ya rataya ne a kan ƙananan sautuka biyu, "d" da ke manne da "I", da wani ɗan "av" da ya rage daga "have". "I'd have bought" yana fitowa kamar "aidav bot", a bakin mai sauri ma "aida bot". Kunnen da bai saba ba zai ji "I bought", ya ɗauka an sayi motar, alhali cewa aka yi ba a saya ba.

Saboda haka binciken farko da ya kamata mutum ya yi shi ne "would have". Ka rubuta, ka zaɓi Birtaniya, ka sa iyafis, ka rufe rubutun ƙasa da tafin hannunka, ka saurari mutum goma a jere. Za ka lura da abu uku. Harafin "l" a "would" ba a furta shi sam, haka a "could" da "should". Wanda ke cewa "wuld" rubutu yake karantawa. Harafin "h" na "have" ya ɓace, sai "wudav". Kuma ƙarfin murya ba ya kan waɗannan kalmomi, yana kan aikatau, wato kalmar aiki, da ke biye da su. Sannan ka koma Amurka ka sake sauraron goma, inda za ka fi jin "wuda", "kuda", "shuda", ba ko "v" ɗin. Daga nan ka nemi "wouldn't have", wanda ya fi wuya, domin kalmomi uku sun dunƙule sun koma "wudnav" ko "wudna". Wannan ɗan "n" da ke tsakiya shi kaɗai ne ya raba "da na yi" da "da ban yi ba". Mutum ashirin ko talatin mabambanta, maza da mata, tsoho da yaro, suna faɗin abu ɗaya a jere, shi ne abin da ƙamus ba zai ba ka ba, kuma shi ne ainihin ƙimar shafin.

Haka za ka yi da "it would", wanda ke komawa "itad" a Ingila. A Amurka "t" ɗin yana laushi har ya yi kama da "r" ta Hausa mai bugu ɗaya, ka ji kamar "irad". "It'd be nice", "that'd be great", "there'd be trouble", duk ra'ayoyi ne a kan abin da bai faru ba, kuma duk a guje ake faɗinsu. "Would you" yana zama "wuju", "what would you do" kuma kusan numfashi ɗaya ne. A gwada "I'll" da "I'd" ɗaya bayan ɗaya ma, domin nan ne kuskure mai tsada yake. "I'll move to Lagos" alkawari ne, zan koma. "I'd move to Lagos" zato ne, da hali ya yi da na koma. A Turancin Najeriya an saba musanya "will" da "would" kamar abu ɗaya ne, kuma tsakaninmu ana fahimtar juna, amma a gaban mai tantance ma'aikata ɗan Ingila ko Amurka, wanda ya ce "will" ya ɗaure kansa da magana, wanda ya ce "would" ya bar ƙofa a buɗe.

Inda shafin ya fi armashi shi ne dangin "I wouldn't". Ka rubuta waɗannan kalmomi biyu kawai ka bi misalai talatin, kana rubuta abin da ya biyo baya kowane lokaci. Za ka tarar da cewa kaɗan ne daga cikinsu suke zancen abin da mai maganar zai yi ko ba zai yi ba. Yawancinsu ra'ayi ne da aka lulluɓe. "I wouldn't bother" na nufin kada ka wahalar da kanka, abin bai kai ba. "I wouldn't worry" kwantar da hankali ne. "I wouldn't count on it" da "I wouldn't hold my breath" duk suna cewa kada ka sa rai, na biyun ya fi ɗaci. "I wouldn't go that far" hanya ce ta ƙin yarda da rabin maganar mutum: akwai gaskiya a ciki, amma abin bai kai nan ba. "I wouldn't say that" ita ma musu ce, sai dai a tausashe. "I wouldn't know" na nufin ni ina zan sani, kuma dangane da murya tana iya zama tawali'u ko janye jiki daga zancen. "I wouldn't put it past him" kuwa ita ce tamu ta kaɗan daga aikinsa: zai aikata, har ma fiye.

Akwai guda biyu a wannan dangi da siffarsu ƙi ce, ma'anarsu kuwa so. "I wouldn't mind a cup of tea" mai son shayi ne yake faɗa, kuma yana jira a kawo. "I wouldn't say no" ita ce amsar wanda aka yi wa tayi yana so, daidai da yadda baƙo zai ce ai ba zan ƙi ba idan an miƙo masa fura. Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan ba, domin kara da kunya sun koya mana neman abu ta bayan gida. Abin da ya rage shi ne ya ji da kunnensa cewa mutanen Ingila ma haka suke yi, ya ji kuma irin muryar da ake yi da ita, a sake, da ɗan murmushi, ƙarshen jimlar yana ɗan ɗagawa.

Murya ce abu na biyu da shafin yake koyarwa ba tare da ya faɗa ba. Ɗauki "he would say that". Idan an faɗe ta a miƙe, "would" a haɗiye, zato ne kawai: haka zai ce. Idan aka danna "would" da ƙarfi, ta zama suka: dama me kake tsammani daga irinsa, ai halinsa ne. Rubutu ɗaya, ma'ana biyu. Haka "you shouldn't have". Da fuska a ɗaure, da aikatau a bayanta, zargi ne, bai kamata ka yi ba. Ita kaɗai, daga bakin wanda aka miƙa wa kyauta, godiya ce, kamar mu ce kai, har da wahala haka. Haka kuma "I would have thought", wadda aka fi ji a Birtaniya. A zahiri tana nufin da na zaci, amma mai faɗinta yawanci ya tabbata da abin da yake cewa, yana dai gyara maka kuskure ne ba tare da ya kunyata ka ba. Bidiyo yana nuna fuska da kafaɗa da wanda ake yi wa maganar, kuma waɗannan su ne rabin ma'anar.

Shawara ma tana da matakai, kuma nan ne masu koyo suka fi yin ɓarna ba da niyya ba. Mafi laushi ita ce wadda ta bar maka zaɓi: "you could always take the train", ga jirgin ƙasa ma in kana so. Sai "it wouldn't hurt to call first", ba laifi in ka fara bugo waya. Sai "I'd call first" ko cikakkiyarta "if I were you, I'd call first", da ni ne kai. Sai "you'd be better off calling", zai fi maka. Sai "you might want to call first", wadda take kama da mafi laushi amma a ofis, daga bakin shugaba, umarni ce da aka sa wa riga. Wanda aka ce wa "you might want to check those figures" an ga kuskure a lissafinsa ke nan, kuma ana sa ran ya gyara yau. Can a ƙarshe akwai "you'd better call first". Ɗalibai da yawa suna ɗaukar ta a matsayin shawara mai ladabi saboda kalmar "better" da ke ciki, su faɗa wa malami ko maigida. Gargaɗi ce: gara ka yi, in ba haka ba ka ga abin da zai biyo baya. Uwa ke faɗa wa ɗa, ko babba ga na ƙasa, ko aboki ga aboki idan lamarin ya yi tsanani. Ka nemi "you'd better" a shafin ka duba wa ke faɗa wa wa a misali ashirin, za ka daina faɗa wa na gaba da kai.

A nan akwai tarko da ya kamata a sani kafin a fara. "I'd" tana iya zama "I would", tana iya zama "I had", kuma shafin ba ya raba su, domin haruffa yake nema. Abin da ya biyo baya shi ke nunawa. Idan aikatau ne a siffarsa ta asali, kamar "I'd go", to "would" ce. Idan siffar da ake sawa bayan "have" ce, kamar "I'd gone", to "had" ce. "You'd better" na nufin "you had better", "I'd rather" kuma "I would rather". Wannan ta ƙarshe tana da nata sirrin: idan kai za ka yi abin, "I'd rather stay", na fi son in zauna, idan wani ne zai yi, aikatau yana komawa shuɗaɗɗen lokaci ko da yake yanzu ake nufi, "I'd rather you didn't", na fi son kada ka yi. Wannan ita ce hanin mai ladabi a Turanci, kuma wanda aka faɗa wa ya kamata ya ɗauke ta a matsayin a'a.

Tambayar "would you mind" ita ma ta cancanci minti goma nata. "Would you mind if I sat here?" na nufin zai dame ka in na zauna a nan? Bahaushe mai son nuna karamci zai ce "yes", yana nufin bismillah, alhali ya ce e, zai dame ni. Amsar yarda ita ce "not at all" ko "no, go ahead". Amma idan ka saurari misalai da yawa za ka ji mutane suna amsawa da "sure" ko "of course" suna miƙa kujera, musamman a Amurka. Littafin nahawu zai ba ka ƙa'ida ya tsaya, shafin kuwa yana nuna maka inda masu harshen kansu suke sassauta ta.

Haka batun "were" da "was". A aji ana koyar da "if I were you", kuma ita ce za a rubuta a jarabawar WAEC ko NECO. A baki, "if I was you" da "if I was rich" suna yawo sosai, har a bakin masu ilimi, kuma binciken biyun ɗaya bayan ɗaya zai nuna hakan. A Amurka za ka ji "if I would have known", a Ingila "if I'd have known", duk a madadin "if I had known" ta ƙa'ida. Ka san su don ka gane idan an faɗa, amma kada ka kai su takarda. Abin da ba za ka ji daga masu harshen ba shi ne "if I am you, I will not go", wadda ta zama ruwan dare a tsakaninmu. Za a gane abin da kake nufi, sai dai tsarinta na abin da zai iya faruwa ne, kuma ni ba zan taɓa zama kai ba.

Yanzu ga inda shafin ya gaza, kuma gazawar ba ƙarama ba ce. Babbarta ita ce ba ya bayyana ma'anar irin waɗannan maganganu. Zai kawo maka mutum ɗari suna cewa "I wouldn't put it past him", amma ba zai ce maka ga abin da suke nufi ba. Wanda bai riga ya san cewa karin magana ce ba zai fassara ta kalma bayan kalma ya ɓata. Don haka shafin ba ya tsayawa shi kaɗai. Ƙamus ɗin Cambridge na intanet yana ba da ma'anar yawancin waɗannan maganganu kyauta, da furucin kalma ɗaya ɗaya a lafazin Birtaniya da na Amurka, sashen koyar da Turanci na BBC kuma yana da darussan nahawu a kan jimlolin sharaɗi. A can za ka samo ma'ana da ƙa'ida, ka zo nan ka ji su a bakin mutane. Google Translate, wanda ya sa Hausa cikin harsunansa tun ƙarshen 2013, yana da amfani ga jimla miƙaƙƙiya, amma magana mai lulluɓi irin "I wouldn't say no" ba abin da za a damƙa wa na'ura ba ne a kwanta a kai.

Gazawa ta biyu tana cikin irin bidiyoyin da yake ɗebowa. Da yawansu laccoci ne, da jawaban dandamali irin na tarukan TED, da hirar 'yan jarida da baƙi, da tarukan ƙwararru, domin su ne suka fi samun rubutu mai kyau a ƙasa. Hirar miji da mata a ɗakin girki, ko ta direba da fasinja, ko cinikin kasuwa, ba ta da yawa. Sakamakon haka "I would argue" da "one might say" za su fito birjik, har mutum ya ɗauka haka ake hira kullum, alhali maganar zauren lacca ce. Maganin wannan shi ne ka nemi siffar da aka taƙaita da kalmomin gida: "I'd just", "I wouldn't bother", "I'd love to", "no way I'd". Idan bidiyo ya fito da mutum tsaye a kan dandamali da makirufo a kunci, ka tsallake shi ka nemi inda mutum biyu suke zaune suna katse juna.

Sauran matsalolin ƙanana ne amma suna cin lokaci. Tunda rubutu yake bincika, yadda aka rubuta abu shi ke yanke abin da zai fito: "would have" daban, "would've" daban, ko da bakin mai maganar abu ɗaya ya furta. A nemi dukkansu. Wani lokaci ma za ka ga an rubuta "would of", kuskuren rubutu ne da masu harshen kansu suke yi saboda "of" da guntun "have" sauti ɗaya suke da shi; ka sani, kada ka kwaikwaya. Kalma ɗaya tilo ba ta da amfani a wannan aiki. Idan ka nemi "would" kawai, za a haɗo maka da wadda ke nufin al'adar da, kamar "we would go every summer", mukan je duk bazara, da wadda ke cikin rahoton magana, kamar "he said he would come", ya ce zai zo, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ke zancen abin zato. Doguwar jimla kuma ba za ta kawo komai ba, domin da wuya wani ya faɗe ta daidai yadda ka rubuta. Kalma biyu zuwa huɗu shi ne daidai. Rubutun ƙasa yakan yi gaba ko baya da murya, wani bidiyon kuma an cire shi daga YouTube sai ka tsallake. Zaɓin lafazi ma ba ya rasa kuskure: ka zaɓi Birtaniya ka ji Ba'amurke, saboda baƙo ne a shirin. Kuma lafazin Najeriya ko na Gana ba ya cikin zaɓuɓɓukan, don haka shafin na sauraron Turancin waje ne.

Maɓallin rage sauri yana buƙatar hankali. A 0.75, wato kashi uku cikin huɗu na saurin asali, maganar tana nan yadda take, sai dai kunne ya sami sarari ya kama "d" da "n" ɗin da ke ɓuya. A 0.5 murya tana jan jiki, sautin ya lalace, kuma mai koyo yakan fara furta kowace gaɓa da ƙarfi ɗaya, wanda shi ne ainihin abin da ake so ya bari. Ka saurara sau biyu a cikakken sauri, sau ɗaya a 0.75, ka koma cikakken sauri ka faɗa tare da mai maganar. Kuma kullum ka koma baya kaɗan kafin jimlar, domin ra'ayi a kan abin zato amsa ce ga wata magana. "I wouldn't" ba ta da ma'ana sai ka ji abin da aka tambaya.

Batun data ba abin rainawa ba ne. Kowane misali bidiyon YouTube ne, kuma tsalle daga wannan zuwa wancan yana sa waya ta riƙa ɗauko sabo kowane lokaci. Tunda murya ake nema, a rage ingancin hoton zuwa 144p ko 240p. Fuska za ta ɗan dushe amma ana ganin motsin kai da hannu. Inda sabis ba shi da ƙarfi, jiran kowane bidiyo ya buɗe zai kashe amfanin sauraron mutum goma a jere, gara a bari sai dare ko inda akwai waifai. Malamin da zai kai shafin aji kuma ya fara duba misalan shi kaɗai, ya rubuta lambar waɗanda ya zaɓa, domin abin da ke fitowa daga YouTube ne, ana iya cin karo da ashar ko zancen da bai dace da yara ba.

Wa zai amfana? Wanda ya riga yana karanta Turanci ba tare da wahala ba amma hira tana tsere masa. Ma'aikacin jinya ko likita mai shirin tafiya Ingila, inda abokin aiki zai ce "I'd hold off on that" yana nufin dakata. Mai aiki ta intanet da kamfanin waje. Mai shirin jarabawar Turanci ta IELTS, wadda gwajin maganarta minti 11 zuwa 14 ne kashi uku, kuma a kashi na uku ana tattauna ra'ayi, har da tambayoyi irin me zai faru da a ce abu kaza ya canza. Wanda ya amsa irin wannan da "will" daga farko har ƙarshe ya nuna iyakarsa. Mai karatu a Nijar ko Kamaru da ya yi boko da Faransanci yana da ɗan sauƙi, domin ya riga ya san raba abin zato na yanzu da na da a tsarin aikatau, aikinsa na kunne ne kawai, kuma shafin yana da sashen Faransanci da na Larabci masu aiki iri ɗaya. Ga wanda bai fara haɗa jimla ba kuwa, wannan ba wurin farawa ba ne. Zai ji hayaniya ne kawai ya karaya.

Tsarin da ya fi aiki gajere ne: minti goma sha biyar a rana, magana uku, misali goma ga kowacce. A littafi ka ja layi uku, ka rubuta cikakkiyar jimlar da ka ji, da wanda ya faɗa da wanda aka faɗa wa, da yadda za ka faɗi abin da Hausa a irin wannan hali. Layin Hausar ne ke tona ko ka gane: idan ka rubuta "ba zan ce a'a ba" a gaban "I wouldn't say no", fassara ka yi, idan ka rubuta "kawo mana", ka ji maganar. Makon farko ya tafi a kan sauti, wato "I'd", "it'd", "would've", "wouldn't have", "should've". Mako na biyu dangin "I wouldn't". Na uku matakan shawara, daga "you could always" zuwa "you'd better". Na huɗu kuma yadda ake buɗe zancen zato tun farko, domin a hira ba kullum ake farawa da "if" ba: za ka ji "say you won", "let's say", "suppose", "what if", "imagine", "would you ever", kuma bayan kusan dukkansu "would" ce ke ɗauke da amsar. A ƙarshen kowane zama ka ɗauki muryarka a waya kana faɗin jimla ɗaya daga cikin na ranar, ka kunna ta bayan ta mai bidiyon, ka saurari inda kake furta "have" cikakkiya da inda "l" ɗin "would" ta dawo.